Takardar Karbon da Tafiyar Halifa

Da sunan Allah nake ɗora alƙalami, Shi da ke riƙe da abin da ke sama kada ya faɗo, kuma tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Wannan babi naku ne, ku 'ya'yana da kuka rage a Jidda, domin na ji abin da ake faɗa game da yayanku Halifa. Kunnena ya yi nauyi amma bai mutu ba. Ana cewa ya fifita Turawa a kan uwarsa, ana cewa ya tafi ba da yardata ba. Ina so in faɗi yadda abin ya kasance tun ina da bakin faɗa. Da ajami nake rubutawa don shi hannuna ya sani, wanda ya manta karatunsa 'yar'uwarku Maryam ta karanta masa.

Sai na koma baya kaɗan, don ba a gane tafiya daga zangonta na ƙarshe. Kakanku Malam Idrisu, wanda Halifa ya ci sunansa, da ƙafa ya baro ƙasar Haɗejiya da niyyar hajji, da mahaifiyata Hadiza, ni kuwa ina kan wuyansa. A hanya na yi wayo. A hanya ya koya mini baƙi da wasali a kan allo, duk zangon da muka sauka. Mun tsaya a Sudan shekaru ana tsinkar auduga don a sami guzuri, kuma kafin mu kai bakin teku zazzaɓi ya ɗauke mahaifiyata. An binne ta a gindin wata itaciya da yau ko an kai ni wurin ba zan gane ta ba. Mu biyu muka ƙetare Bahar Maliya a jirgin katako, muka sauka a wannan gari, ba mu sake komawa ba.

Na girma ina dako a kasuwannin Balad, tsohon garin Jidda, har lokacin da arzikin mai ya buɗe, gari ya cika da rushe-rushe da gine-gine. A lokacin ne na sami aiki a tsohon filin jirgi, wanda yake cikin gari, daga unguwar Bagdadiyya ma kana jin rurinsa. Aikina bin motar mai. Mu ne muke shayar da jirage. Ranar da na fara, na ɗauka a ciki ake zuba wa jirgi mai kamar mota, sai na ga an ɗaga tiyo an manna shi a ƙarƙashin fiffike. Ashe fikafikan nan tuluna ne. Man kuwa ɗan'uwan kananzir ɗin fitila ne, warinsu ɗaya. Na tsaya ƙarƙashin fiffiken da ya fi ɗakinmu faɗi, ina jin mai yana gudu cikin tiyo kamar jini a jijiya, na ce a raina abin nan ba zai tashi ba. Aka cika shi da mutane, da akwatuna, da jarkokin zamzam. Ya yi gudu, ya ɗaga hanci, ƙasa ta sake shi. Na yi shekara talatin da wani abu a wannan aiki, a tsohon fili da sabo, kuma ban taɓa ganin jirgi ya tashi ban yi tasbihi ba.

Wata rana a lokacin aikin hajji na kai kakanku bakin shingen filin, ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Wani alhaji ɗan Kano da ya sauka ya gaishe shi, kakanku ya tambaye shi yaushe ya baro gida. Alhajin ya ce a Kano ya yi sallar asuba, ga shi la'asar za ta same shi a Jidda. Kakanku ya riƙe wayar shingen da hannu biyu. Sannan ya juyo wajena.

"Da Hadiza ta jira," in ji shi, "da ta iso."

Tun daga ranar na ɗauki jirgi rahama, kuma har yau ban canza ba.

Abu biyu za ku riƙe daga wancan zamani. Na farko hayaƙi. Jiragen da, in sun tashi, baƙin hayaƙi suke ja a baya kamar wutsiya, har innarku tana mita cewa shanyarta tana yin toka-toka. Daga baya aka kawo sababbin jirage, masu tashi ba ka ga komai a bayansu, sai iska tana rawa. Na gode wa Allah, na ce masu ƙira sun gama da hayaƙi. Na biyu takardar shaida. Duk jirgin da muka shayar akwai takarda mai ganye uku, a tsakaninsu an saka wata siririyar shuɗiyar takarda, wadda in ka rubuta a sama sai rubutun ya fito a ƙasa. Sunanta karbon. Ni nake sa hannu a madadin motarmu, da ajami, Larabawan ofis su karanta haruffan su kasa gane maganar. In karbon ta tsufa za a yar, sai in kawo gida, ina amfani da ita in na rubuta wa maƙwabta wasiƙar gida suna son a bar musu kwafi. Shekara da shekaru, in an ce karbon, abin da na sani ke nan.

Halifa a Jidda aka haife shi, a nan ya girma, Larabcinsa ya fi Hausarsa gudu. Tun yana ƙarami warin man da ke rigata yake bi. Ya shiga rumfar gyaran jirage a matsayin mai miƙa sifana, ya yi ta karatu da jarrabawa har ya zama wanda ake kira in inji ya yi gardama. Ni a lokacin na riga na ajiye aiki, muna zaune a unguwar Madain Fahd.

A shekarar da aka yi babbar ambaliyar Jidda, ana saura 'yan makonni aikin hajji, muka dawo daga Juma'a muka zauna cin tuwo. Miyar kuka ce, wata hajiya ta kawo wa innarku kukar daga gida. Halifa ya yi loma biyu ya tsame hannu.

"Abuya, ina da magana," in ji shi, don da Larabci yake ce mini Baba.

"Maganar ta jira tuwo."

"Ba za ta jira ba, wallahi. Mutanen kamfanin da ke ƙera jiragen, waɗanda suka zo aiki da mu, sun nemi in bi su ƙasarsu. Za su koyar da ni, in yi aiki a masana'antarsu."

Innarku ta ajiye ludayi. Ita ta riga ni gane abin da maganar ta ƙunsa. Kun sani, haihuwa a Jidda ba ta mai da mu 'yan ƙasa ba. Zamanmu a kan iƙama yake, wato takardar izinin zama, iƙama kuwa a hannun kafili take, ubangidan da ya tsaya maka wajen aiki. Wanda ya bar aikinsa ya bar ƙasar, fitar ƙarshe ake buga masa, kuma daga ranar ba zai shigo garin da aka yanke masa cibiya ba sai a matsayin baƙo mai ziyara, in an ba shi izini.

"Wane irin aiki ne," na ce, "da babu irinsa a nan?"

"Sashen rage karbon. Kamfanin ya ɗauki alkawari zai rage karbon ɗin jiragensa da rabi."

Na dube shi, na dubi innarku. Raina ya ɓaci ƙwarai.

"Karbon? Za ka jefar da iƙamarka, ka bar uwarka, don Turawa suna son tsimin takarda? To su riƙa rubutawa sau biyu mana! In ta yi musu tsada, ina da ita cike da gwangwani a ɗaki, ka kai musu sadaka."

Maryam, wadda take 'yan mata a lokacin, ta ƙware da ruwa. Halifa ya rufe fuska da hannunsa na hagu, kafaɗunsa suna rawa. Innarku kaɗai ba ta yi dariya ba, don ita ma abin da ta ji ke nan.

"La, la, Abuya, ba wannan ba. Ya'ni, hayaƙi. Hayaƙin jirgi."

"Hayaƙi ya ƙare tun kana goyo. Da idona na ga ƙarewarsa."

"Baƙin ne ya ƙare. Akwai wanda ba shi da launi, ba shi da wari. Shi ne karbon."

Ya wanke hannu ya gyara zama, ya yi mini bayani da Hausarsa mai ɗingishi, in ta ƙare ya ciko da Larabci. Ya ce man da nake zubawa, in ya ƙone, haɗuwa yake da iskar da inji ya shaƙa, su zama wata iska dabam. Ya ce in aka ɗora wannan iska a ma'auni, ta ninka man da aka ƙona nauyi wajen sau uku.

"Kai, Halifa," na ce, "ka ji tsoron Allah. Icen da aka ƙona, tokarsa ta taɓa fin sa nauyi?"

"Toka kaɗai kake aunawa, Abuya. Ba ka auna abin da ya tashi ba."

Ya ce wannan iska ba ta watsewa kamar hayaƙin murhu. Tana zama a sama fiye da rayuwar mutum, ta jirage da ta motoci da ta masana'antu, tana taruwa tana lulluɓe duniya kamar bargo, zafi ya shigo ya rasa hanyar fita.

"Bargo a Jidda," in ji innarku. "Wa ya aike su? Malam, kada ka biye masa. Ɗan nan sanyin Turai yake so, shi ya sa yake ta zancen bargo."

Na tambaye shi yaushe za su cika alkawarin. Ya faɗi wata shekara mai nisan da ni ba zan gan ta ba, shi kansa in ya kai, da sanda zai kai.

"Sun ce in sha Allahu?"

"Abuya, kamfani ne."

"Kamfani ba ya mutuwa?"

Sai ya ce ba ya buƙatar sa hannuna a kowace takarda, amma ba zai taka matakalar jirgi ba sai na sa masa albarka, in na ce a'a, halas, shi ke nan, zai gaya musu ba ya zuwa. Na ce ya bari sai an sauko daga Arfa.

Makonnin nan ban sami natsuwa ba, kuma ba tafiyarsa kaɗai ke damuna ba. Maganar nauyin ce ta tsaya mini. Tun ina kan allo aka koya mini cewa akwai abin da ido ba ya gani amma yana da nauyi, kuma akwai ranar da za a ɗora shi a ma'auni. Na yi imani da wannan ba tare da na gani ba. Amma ban taɓa zaton a nan duniya ma akwai irinsa ba, har mutane sun ƙera abin auna shi. Sai in fita bayan la'asar in ɗaga kai. Sama tas, shuɗiya, ba ko tabo. In tuna motocin man da na juye cikin fikafikai, in ninka su uku a raina, in ce duk suna can? Sai tsigar jikina ta tashi. Ba laifi nake ji ba, domin baƙin Allah na shayar wa abin hawa, da halal na ciyar da ku. Mamaki nake, irin na ranar da na fara ganin ƙasa ta saki jirgi. Innarku kuwa ta daina yi mini magana sai ta dole, don ta ga ban ce a'a nan take ba.

Ranar da alhazai ke fita Mina, da hantsi, sama ta yi baƙi aka saki ruwa. Waɗanda suke da wayo a cikinku a lokacin sun tuna. Na yi shekaru a garin nan ban ga irinsa ba. Kafin azahar titinmu ya zama kogi mai launin ƙasa, yana tafe da kujeru da tulunan gas. Mu Allah ya taƙaita mana, iyakar gwiwa ya shigo ɗakunan ƙasa, amma a unguwannin gabas ya ɗauki motoci da mutanen cikinsu, Allah ya jiƙansu. Halifa ne ya goya innarku ya hau da ita bene, tana dukan bayansa tana cewa ya sauke ta, ita ba gawa ba ce. Muna tsaye a matakala, ni da shi, muna kallon ruwa yana lasar ƙofa, na ce masa:

"Wannan ne karbon ɗin naka?"

Da ya ce i, da na sallame shi a wurin, don zuciyata ta riga ta karye. Ya san haka. Ya share ruwa daga fuskarsa.

"Ba zan ce ba, Abuya. Garin nan a bakin kwaruruka yake, tun kafin a yi jirgi ruwa yana saukowa daga duwatsu. Masana suna cewa in duniya ta ƙara zafi irin wannan zai yawaita. Amma na yau, Allahu a'alam."

Na dube shi. An miƙa masa mabuɗi ya ƙi karɓa don bai tabbata nasa ba ne. Na ce a raina, yaron nan ba ya sayen tafiyarsa da ƙarya.

Bayan salla rana ta fito, kowa ya kwashe kayansa ya hau rufin gida shanya. Katifu, darduma, littattafai. Cikin abin da Halifa ya hauro da shi har da gwangwanin nan nawa na karbon. Ruwa bai shiga sosai ba. Na zauna ina rarraba ganyen don su sha iska, sai na ɗaga ɗaya ta fuskar rana in ga ko ta jiƙe. Ban taɓa ɗaga ta haka ba, kullum a kwance nake ganinta tsakanin takardu. Hasken ya ratsa ta. Duk inda alƙalami ya taɓa bi, shuɗin ya koɗe, ya bar farin sawu. Ga lambobin jirage, ga adadin mai, ga sunana da ajami, wani kan wani, wani kan wani, har ba a iya karanta ko ɗaya, kuma ba a iya goge ko ɗaya. Takardun sama duk sun tafi, matuƙan da suka karɓe su wataƙila sun mutu, jiragen an mai da su tukwane. Ita kuwa da ba wanda ya kula da ita ta riƙe komai. Ta cikin sawun nan nake hango sama, jiragen alhazai suna ta wucewa can nesa, kowa na komawa gida.

Na ce, "Subhanallahi. Ashe sunan bai ɓata ba."

"Na'am, Abuya?"

"Zo ka gani."

Ya durƙusa kusa da ni, muka duba tare. Ban yi masa bayani ba, shi ma bai tambaya ba.

A nan na tuna rijiyoyin hanya. Tsakanin Barno da Sudan akwai wuraren da ba gari ba ƙauye, sai rijiya, wani bawan Allah ya haƙa ya wuce, bai san wanda zai sha ba. Da su muka rayu. Na tuna kuma kakanku ya bar gonarsa da danginsa saboda wani wuri da bai da tabbacin zai kai, kuma ba wanda ya ce masa mai gudun uwa. Jirgi rahama ne, ba na so a wayi gari jikokina su koma tafiyar ƙafa. In akwai masu neman yadda rahamar za ta ɗore ba tare da ta bar wa na baya nauyi ba, to rijiya suke haƙa, ko sun san sunanta ko ba su sani ba.

Innarku tana gefe tana juya katifa. Na kira ta.

"Hajiya, zan sallame shi."

Ba ta juyo ba. Ta ci gaba da bugun katifar har ƙura ta ƙare, ta ci gaba.

"Ka san ba zai binne ni ba," in ji ta.

"Allah ne ya san wanda zai binne wani."

"Allah ya sani, ni ma na sani." Sai ta juyo, ta dubi Halifa. "Zo nan, mai bargo."

Ya je ya durƙusa. Ta ɗora hannunta mai ƙura a kansa ta daɗe tana addu'a, hawaye yana zuba, muryarta ba ta rawa. Ita ta riga ni sa masa albarka. Ku riƙe wannan. Da ta gama na ɗora nawa hannun, na ce ina da sharaɗi ɗaya: tunda kamfaninsu bai ce in sha Allahu ba, shi ya riƙa faɗa musu, kullum da safe in ya shiga, ko a zuci.

Ya tafi bayan wata biyu. Ni na raka shi filin jirgi. Na tsaya inda ake tsayawa har jirginsu ya ɗaga, na yi tasbihi kamar yadda na saba, amma wannan karon na san abin da ya bari a baya, a sama da ƙasa.

Sauran kun sani. Bai cika shekara biyu ba innarku ta kwanta, kwana kaɗan Allah ya karɓi abarsa. An yi mata salla da la'asar a ranar, kamar yadda ake yi. Halifa yana can yana bin ofisoshi neman izinin shiga garin da aka haife shi. Sai bayan wata uku ya iso da bizar umra. A wayar da muka yi ranar rasuwar bai iya magana ba, ni na yi ta yi. A nan ne maganganu suka fara a cikinku, kuma ban tsawatar ba a lokacin don ni ma bakina ya yi nauyi. Abin da ta faɗa a rufin gida ya tabbata. Ta san farashin, ni ma na sani, muka biya da hannunmu. Ba sata ya yi ba.

Ko za su cika alkawarinsu, ban sani ba. Na tambaye shi da ya zo, ya ce aikin ya fi yadda ya zata wuya, ana rage abin da kowane jirgi ke sha, jiragen kuma suna ƙaruwa. Na ce yana faɗa musu abin da na ce? Ya ce kullum, har wani abokin aikinsa ya iya, yana riga shi faɗa.

Kafin in fara wannan babi na buɗe gwangwanin, na zaɓi ganyen da ya fi sauran shuɗi, na sa shi a ƙarƙashin takardata. Na danna alƙalami sosai don ya fito. Ta saman taku ce. Ta ƙasan, Maryam, ki aika wa yayanku.